Ƙullutun Kitse a Mama: Matakan da Ake Bi Kafin a San Ko Daji Ne

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta kai kusan shekara biyu tana jin wani ƙullutu a mamanta na hagu ba ta faɗa wa kowa ba, domin ba ya mata ciwo, kuma idan ta danna shi sai ta ji laushi, yana gocewa a ƙarƙashin yatsa. Da ya fara hana ta kwanciya ta wannan ɓarin sai aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka taɓa wurin aka ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki, kitse ne kawai." A ranar aka yanka aka fitar da shi. Ina tsaye a bakin ƙofa aka fito da shi a ɗan kwanon silba, rawaya-rawaya kamar kitsen rago, aka juye a leda aka miƙa mana, muka je muka binne shi a bayan gida muna hamdala. Ba a cika shekara ba ya dawo a daidai tabon, ya fi na farko girma da tauri. Da muka isa babban asibiti a cikin garin Gombe, tambayar farko da likitan tiyata ya yi mini ita ce, "Malam, ina sakamakon gwajin naman da aka cire a karon farko?" Ban iya ba shi amsa ba, domin naman yana cikin ƙasa.

Bayan makonni ana bincike aka gano sunan ciwon: laifosakoma, wato dajin da ke tasowa daga ƙwayoyin kitse. Na rubuta wannan jagora ne domin matan da ke jin ƙullutu mai laushi a mama, da mazajensu da 'ya'yansu da ke raka su asibiti, su san yadda matakan binciken suke jere da abin da ya kamata su tambaya a kowane mataki.

Abin da ya kamata a fara sani

Mama ya ƙunshi jijiyoyin da ke haɗa ruwan nono da hanyoyin da ke kai shi baki, sannan da kitse da zaruruwan nama da ke riƙe da su. Sankarar mama da aka saba ji, wadda ƙididdigar duniya ta 2022 ta nuna tana kama mata sama da 32,000 a Najeriya a shekara, daga waɗancan hanyoyi da jijiyoyin nono take tasowa, kuma likitoci suna kiranta kasinoma. Wadda ke tasowa daga naman da ke riƙe da su, kamar kitse da jijiyoyin jini, ita ake kira sakoma, kuma duk sakomar mama idan aka haɗa ta ba ta kai kashi 1 cikin 100 na cututtukan dajin mama ba. A cikin wannan ɗan kason ma, ta kitse ƙalilan ce ƙwarai. Wani likita mai suna Neumann ne ya fara bayar da rahotonta a 1862, kuma a 1986, lokacin da Austin da Dupree suka wallafa bincikensu a Amurka, marasa lafiya 20 ne kawai suka iya tattarawa. Likita yana iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba.

Na faɗi wannan ne domin hankali ya kwanta: mafi yawan ƙullutun kitse da ake samu a mama laifoma ne, wato curin kitse lafiyayye da ba ya yaɗuwa. Cin nama mai kitse ko ƙiba ba su ne ke kawo laifosakoma ba, kuma ba a san laifoma da rikiɗewa ta zama daji ba. Matsalar ita ce kama da wane ba ta wane. Su biyun suna iya zuwa da laushi, babu ciwo, suna motsi a hannu, har idan aka fitar da su a kwano ido ba zai raba su ba. An fi ganin laifosakoma a matan da suka haura shekara 40, amma an same ta a 'yan mata, an kuma same ta a maza.

Sanin ainihin sunan ciwon yana da nauyi saboda maganinsu ya bambanta. Sankarar mama ta yau da kullum tana fara bi ta kaluluwar hammata, kuma da yawa daga cikinta tana jin ƙwayar tamoksifen. Laifosakoma ta jini take bi, ta fi nufar huhu, da wuya ta taɓa hammata, kuma tamoksifen ba ya mata komai. Maganinta na farko shi ne tiyatar da aka tsara da kyau tun a karon farko.

Mataki na farko: lura a gida da rubuta abin da aka gani

Ranar da mace ta fara jin ƙullutu, ta sa a rubuta mata kwanan wata, ko ta danganta shi da abin da ba za ta manta ba, kamar azumi, babbar salla ko girbi. Sannan ta kwatanta girmansa da abin da kowa ya sani: ƙwayar gyaɗa, goro, ƙwan kaza, lemun zaƙi. Likita zai fi amfana da "a ƙaramar salla kamar goro yake, yanzu ya kai ƙwai" fiye da "ya daɗe, kuma yana ɗan girma."

Duk ƙullutun da ke mama ya cancanci a kai shi asibiti, amma akwai alamun da ke sa a bar komai a tafi cikin makon. Na farko shi ne girma da ake iya lura da shi daga wata zuwa wata, musamman ƙullutun da ya yi shekaru a zaune sai kwatsam ya tashi. Na biyu shi ne ya kai santimita 5, wato kusan tsawon ƙwan kaza. Sai wanda ake jin yana can ciki manne da ƙirji, da wanda wani sashensa ke da laushi wani kuma da tauri, da wanda ya miƙar da fata har jijiyoyi suka fito raɗau. Wanda ya fi kowanne shi ne ƙullutun da aka taɓa cirewa ya dawo. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce, kuma shi ne ya yaudari goggona shekara biyu.

A wannan lokaci kada a bari wanzami ya yi sakiya ko tsaga ko ƙaho a wurin, kada a ɗaura magani mai ƙona fata, kada kuma a tsaya ana sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ana jiran ya sace. Duk rauni da aka yi a kan ƙullutun yana buɗe wa ƙwayoyinsa hanya zuwa naman da ke kewaye, kuma yana rikita hoton da za a ɗauka daga baya.

Mataki na biyu: zuwa inda ake da kayan aiki

Ana iya farawa da asibitin da ke kusa, kamar babban asibitin Kaltungo ko na Bajoga, amma da niyyar a karɓi takardar turawa zuwa inda ake da likitan tiyata da likitan hoto da likitan binciken nama a wuri ɗaya. A Gombe wannan wuri shi ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka, wanda har yanzu mutane da yawa ke kira da tsohon sunansa FMC. A Bauchi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutanen Katagum kuma suna da asibitin tarayya a Azare. Sashen da ake nema shi ne na masu ganin likitan tiyata daga waje.

Likita zai tambayi tsawon lokacin ƙullutun, ko an taɓa buge wurin, ko an taɓa yin tiyata ko wata allura a maman, ko an taɓa yi wa ƙirjin gashin daji, wato ƙona ciwon daji da hasken na'ura, ko akwai masu ciwon daji a dangi, musamman waɗanda ya kama da ƙuruciya. Kowace tambaya da dalilinta. Bugu yakan kashe kitsen wuri ya dunƙule ya yi tauri kamar daji alhali ba shi ba ne, gashin da aka yi shekaru baya kuma yana cikin abubuwan da aka sani suna haifar da sakoma. Daga nan zai duba mama biyun da hammata biyu da wuya, ya auna ƙullutun da ma'auni ya rubuta. Idan akwai wani kumburi a cinya ko a ciki, a faɗa masa ko da bai tambaya ba, domin wani nau'in laifosakoma a cinya yake farawa, abin da ake gani a mama reshensa ne.

Kunya tana hana mata da yawa wannan mataki, kuma ban raina ta ba. Mace tana da damar neman a sa nas mace ta tsaya a ɗakin, ko ta tambaya idan akwai likita mace a ranar. Maigida kuma ya sani cewa izininsa da kuɗin motarsa suna cikin maganin, jinkirinsa na wata uku yana iya zama bambancin cire ƙullutu da cire mama gaba ɗaya.

Ka'idar da likitocin mama ke bi a ko'ina ƙafa uku gare ta: dubawa da hannu, hoto, da gwajin nama. Idan aka ce za a shiga tiyata bayan dubawa da hannu kawai, a nemi uzuri cikin ladabi a ce ana son a yi hoto tukuna.

Mataki na uku: hoto

Macen da ba ta kai shekara 35 zuwa 40 ba, da mai ciki, da mai shayarwa, yawanci da sikanin ake fara musu, irin wanda ake shafa man nan mai sanyi a goga na'ura a kan fata. Ba shi da lahani ga ɗan da ke ciki. Wadda ta haura waɗannan shekaru akan yi mata mamogiram, inda ake matse maman tsakanin faranti biyu na ɗan lokaci a ɗauki hoto, sannan a ƙara da sikanin. Ranar mamogiram kada a shafa hoda ko turaren hammata, domin ɓurɓushinsu yana fitowa a hoton kamar alamar ciwo.

Kitse zalla yana da kamanni sananne a hoto. A mamogiram laifoma takan fito baƙi-baƙi, haske yana ratsa ta, da siririn bango kewaye da ita. Laifosakoma ta fi fitowa a matsayin curi mai kauri, sau da yawa gefensa sumul, kuma wannan sumul ɗin ne ke sa a ɗauke ta a matsayin ƙari marar illa. A sikanin akan ga cikinta gauraye, wani wuri kitse wani wuri nama, wani lokaci da jini yana gudana a ciki. Idan ƙullutun babba ne ko yana can ciki, hoton MRI ne ya fi nuna gaskiyarsa, domin yana bambanta kitse da wanda ba kitse ba sosai. Abin da likitan hoto ke nema shi ne bangaye masu kauri da suka ratsa kitsen, waɗanda suka wuce milimita 2, da dunƙulen nama a tsakiyarsa, da wuraren da ke shan ruwan allurar da ake yi kafin hoton. MRI yana da tsada, kuma ba kowace mace ce ke buƙatarsa ba, don haka a bar likitan tiyata ya yanke wannan.

A ƙasan takardar sakamakon za a ga an rubuta BI-RADS da lamba. Lamba 0 tana nufin hoton bai wadatar ba sai an ƙara wani. 1 da 2 ba a ga abin tsoro ba. 3 tana nufin yiwuwar daji bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma akan ce a dawo bayan wata 6. 4 akwai zargi, 5 kuma zargin ya kai kashi 95 ko fiye, dukansu biyun sai an ɗebi nama. Abin da nake so a riƙe shi ne, ƙullutun da ke girma a hannu, ko babba, ko wanda ya dawo bayan tiyata, yana buƙatar gwajin nama ko da lambar 2 ce ko 3. A karɓi hoton kansa tare da takardar, a ajiye, domin likita na gaba zai so ya gani da idonsa.

Mataki na huɗu: ɗibar nama da allura

A nan ne mutanenmu suka fi ja da baya, saboda maganar da muka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, idan allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Goggona ma ta faɗa mini haka a kan bencin jira: "Ɗan nan, ka bari su soka mini ƙarfe ya tashi?" Maganar tana da tushe a abin da mutane suka gani, domin da yawa sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa asibiti, a taɓa su, su rasu ba da daɗewa ba, sai a ɗora wa allura. Akwai kuma gaskiyar cewa yankan da aka yi ba tsari yana watsa ƙwayoyin sakoma a cikin rauni. Allurar gwaji ita ce hanyar kauce wa irin wannan yankan, kuma likita yana zaɓar wurin da zai soka ta yadda idan aka zo tiyata za a cire hanyar allurar tare da ƙullutun.

Allurar iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci a wannan ciwo. Akwai siririya wadda ke zuƙo 'yan ƙwayoyi a shafa a gilashi, a takarda ana rubuta ta FNAC. Tana da sauƙi da arha, amma ƙwayoyin kitsen mama na asali da na laifoma da na laifosakoma mai sanyi duk kama ɗaya suke idan aka raba su da mazauninsu, don haka takan dawo da sakamakon "kitse ne" alhali da sauran magana. Ɗayar ita ce mai kauri, wadda ke yanko siririn nama kamar tsinken ashana, ma'aikatan asibiti suna ce mata tirukot. Ita ce ake so a nan, domin tana nuna yadda ƙwayoyin suke zaune da juna, kuma naman yana isa a yi masa ƙarin gwaji.

Ana yin ta ne a farke. A wanke wurin, a yi allurar kashe zafi, a ɗan tsaga fata kaɗan, a shigar da allurar, sai a ji ƙara "ƙas" kamar an harba tarko. Akan maimaita sau uku zuwa biyar ko fiye, daga sassa daban-daban. Ya fi kyau a yi ta ana kallon sikanin, domin a nufi wurin da ke da tauri, inda mugun ɓangaren ya fi ɓuya. Duka aikin bai cika wuce rabin awa ba, a manna filasta a koma gida. Wadda ke shan asfirin ko wafarin ko wani maganin tsinka jini ta faɗa tun kafin ranar. Ɗan kumburi da taruwar jini na kwana biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, amma zazzaɓi ko jinin da ya ƙi tsayawa yana buƙatar komawa.

Sau da yawa ɗan rakiya ake ba kwalbar ya kai ɗakin gwaji, don haka ya san abin da ke hannunsa. Naman ya kasance nutse a cikin ruwan fomalin, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, kuma ruwan ya ninka naman kamar sau 10. Ba a sa shi a ruwan gishiri ko ruwan sha, ba a sa shi a firiza, ba a barin sa a aljihun mota cikin rana. A duba sunan mara lafiya da lambar katinta a jikin kwalbar, a duba takardar ta nuna mama na dama ne ko na hagu, a kai a ranar, a karɓi rasit da ranar dawowa.

Mataki na biyar: abin da ake yi a ɗakin gwaji, da yadda ake karanta sakamako

Naman yana kwana a fomalin, a tsotse ruwansa, a zuba shi a kakin da ke daskarewa ya zama ɗan bulo, a yanka shi sirara fiye da fatar albasa, a rina, sannan likitan binciken nama ya duba a madubin ƙara girma. Wannan yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, idan da ƙarin gwaji ya fi haka. Jiran yana da wuya, amma gaggawar shiga tiyata kafin sakamako ita ce kuskuren da muka riga muka yi.

A laifoma ƙwayoyin kitse girmansu ɗaya ne, a jere lafiya lau. A laifosakoma akan ga manya da ƙanana a cakuɗe, da wasu masu baƙar cibiya marar fasali a cikin bangayen da suka ratsa kitsen, wani lokaci da ƙwayoyin kitse 'yan jarirai masu kumfa a ciki waɗanda ake kira laifobilas. Kafin ya sa hannu, likitan sai ya kawar da abubuwan da ke kwaikwayonta: mataccen kitse bayan bugu, kumburin da silikon da ake sawa don ƙara girman mama ke jawowa, da wata sankarar mama mai sauya kama da ake tantancewa da rinin saitokeratin, wanda ke kama kasinoma ya bar sakoma.

Idan laifosakoma ce, takardar za ta faɗi nau'inta da Turanci, kuma ya kamata a nemi likita ya fassara. Nau'i huɗu ne manya. Wadda aka rubuta wa well-differentiated ita ce mai sanyi, ta fi kama da kitse na gari, tana dawowa a wurinta idan aka bar saura amma ba ta cika tafiya nesa ba. Dedifferentiated ita ce wadda wani sashenta ya rikiɗe ya zama mai zafi. Myxoid tana da yauƙi kamar kuɓewa, tana jin gashi sosai, amma tana iya zuwa ƙashin baya da cikin ciki. Pleomorphic ita ce mafi zafi. Za a kuma ga daraja daga 1 zuwa 3, wadda ke nuna saurin ciwon.

Akwai gwajin da ke raba gardama idan ido ya kasa. Nau'i biyun farko suna ɗauke da ninkin wasu ƙwayoyin gado guda biyu, MDM2 da CDK4, a kan kuromosom na 12, abin da laifoma ba ta da shi. Ana neman su da rini na musamman, ko da gwajin FISH wanda ya fi tabbaci. Mai yauƙin kuma tana da nata tambarin, haɗuwar FUS da DDIT3. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin waɗannan ba, kuma a nan ne bulon kakin nan yake da daraja: yana shekaru bai lalace ba, ana iya neman aronsa da takardar likita a aika wani wuri ba tare da an sake soka mara lafiya ba. Neman ra'ayin likitan bincike na biyu a ciwon da ba a saba gani ba abu ne da likitoci da kansu suke yi, ba raini ba ne.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne ƙarin da ake kira filodis, wanda a takarda ake rubuta phyllodes. Ƙari ne na mama mai saurin girma, kuma wani lokaci akan sami nama mai kama da laifosakoma a cikinsa. Irin wannan yawanci ba ya ɗauke da ninkin MDM2, kuma a rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 an ce ganin nau'in mai sanyi shi kaɗai a cikin filodis bai isa a kira ƙarin mugu ba. Allura tana iya ɗebo ɓangaren kitsen kawai, shi ya sa wani lokaci cikakken suna ba ya fitowa sai an duba ƙullutun gaba ɗaya bayan tiyata.

Tambaya ɗaya nake roƙon kowa ya yi idan sakamako ya fito: "Likita, abin da hannu ya ji da abin da hoto ya nuna da abin da gwaji ya faɗa, sun yi daidai da juna?" Idan gwaji ya ce kitse ne lafiyayye amma ƙullutun yana ta girma kuma hoto ya nuna nama a ciki, to allurar ba ta sami wurin ba ne, sai a sake.

Mataki na shida: duba ko ya tafi wani wuri

Da zarar an tabbatar, sai a yi hoton CT na ƙirji domin duba huhu. Idan mai yauƙin ce, a ƙara da na ciki da MRI na ƙashin baya. Kaluluwar hammata da ta kumbura sau da yawa martani ne kawai ga babban ƙullutu ko gyambo, kuma ana iya gwada ta da allura maimakon a kwashe hammatar baki ɗaya, aikin da ke barin wasu mata da kumburin hannu na har abada.

Wannan ne lokacin da kuɗi ke fara nauyi, don haka a yi tambaya da wuri. Masu rajista da GoHealth a Gombe, ko BASHCMA a Bauchi, ko inshorar tarayya ta NHIA, su je teburin inshora su ji gwajin da tsarinsu ya ɗauka. Asibitin Koyarwa na Tarayya na Gombe yana cikin asibitoci 6 da gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa masu ciwon daji da su, wanda ya shafi dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kuma ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ne zai faɗi sharuɗɗan shiga.

Mataki na bakwai: tiyata, da abin da ake yi da naman

Manufar tiyatar ita ce a fitar da ƙullutun a dunƙule, lulluɓe da lafiyayyen nama ta kowane gefe, ba tare da wuƙa ta shiga cikinsa ba. Sakoma tana da wani bango na ƙarya da ke sa ta fita sumul kamar an ɓare dafaffen ƙwai, mai aikin ya ɗauka ya gama, alhali ƙwayoyinta sun riga sun ratsa bangon. Abin da aka yi wa goggona ke nan a karon farko. Idan ƙullutun ƙarami ne a babban mama, ana iya barin maman. Idan ya cika shi, ko ya dawo bayan yankan farko, cire maman ne ke ba da gefe mai tsabta. Gashi yakan biyo baya idan ciwon babba ne, ko mai zafi, ko gefen ya matse. Ƙarin ruwan maganin daji, irin su doksorubisin da ifosfamaid, an fi ajiye shi ga nau'i mai zafi ko wanda ya yaɗu.

Duk abin da aka cire, komai kamarsa da kitse, ɗakin gwaji za shi, gaba ɗayansa, a cikin fomalin, ba a raba shi biyu a kai wurare daban-daban. Likitan tiyata yana ɗaura masa zare domin a san sama da ƙasa, likitan bincike ya shafa wa gefunan tawada ya duba ko ciwon ya taɓa ta. Wanda yake son a binne naman saboda addini yana iya neman a ba shi ragowar bayan an gama gwaji. A sakamakon ƙarshe a nemi abu huɗu: nau'i, daraja, girma da santimita, da ko gefuna sun fita da tsabta. Idan ciwon ya taɓa tawada, akan koma a ƙara yankewa, kuma gara a yi shi a lokacin.

Wadda aka riga aka yi wa yanka irin na goggona ba tare da gwaji ba, ta koma inda aka yi ta nemi takardar bayanin aikin, ta kai wa likitan tiyata tare da ranar da aka yi da girman abin da aka cire, a duba tabon da hannu da sikanin ko da ba ta jin komai.

Bayan tiyata, mai nau'i mai zafi ana ganinta duk wata 3 zuwa 4 a shekara biyu zuwa uku na farko, sannan duk wata 6 har shekara 5, daga nan sau ɗaya a shekara, ana duba tabon ana ɗaukar hoton ƙirji. Mai sanyin ma ba a sallamarta da wuri, domin tana iya dawowa bayan shekaru masu yawa. Goggona an cire mata maman, gefuna sun fita da tsabta, huhunta ba a ga komai ba. Takardunta duka suna cikin wata jakar leda mai zif da take ajiyewa a ƙasan adakarta, da lambar bulon kakin a rubuce a bangon katin. Duk ranar asibiti tun bayan sallar asuba take shiryawa ta zauna a zaure da jakar a cinya, tana jiran in zo da mota.